Wai me ake nufi da um-pa a kiɗan fiyano?

Duk wanda ya fara koyon fiyano, ko a wajen malami ko a YouTube, ba zai daɗe ba zai ci karo da wannan suna, Turawa suna rubuta shi oom-pah. Kwaikwayon ƙarar ne kawai aka yi. Um ɗin shi ne sauti mai kauri na can ƙasa, wato bes, pa ɗin kuma kod ne, sauti uku ko huɗu da ake dannawa lokaci guda a wajen tsakiyar fiyano. Duk hannun hagu ne ke wannan aiki, ya sauka ƙasa ya dawo sama, kamar mata biyu suna lugude a turmi ɗaya, wannan ta sauke wannan ta ɗaga.

Asalin sunan ma ba na fiyano ba ne. Daga makaɗan badujalar Turai ya fito, musamman na Jamus da Ostiriya da ƙasar Cek, inda katon ƙahon nan tuba ke busa um sauran ƙahonni su amsa da pa. Har yau in ana bikin Oktoberfest a birnin Munich irin kiɗan da ake ji ke nan, kuma in ka taɓa tsayawa kallon faretin sojoji ko na 'yan sanda ai ka ji shi, sai dai ba ka san sunansa ba. To mai fiyano shi kaɗai ne, ba shi da mai tuba ba shi da masu amshi, sai ya ɗora wa hannun hagunsa aikin mutum biyu.

Ga yadda yake. A ce kana kan kod ɗin C kuma bugu huɗu ne. Bugu na 1 ka danna C na ƙasa da ƙaramin yatsa, na 2 ka yi tsalle ka danna kod ɗin C da E da G, na 3 ka koma ƙasa amma wannan karon G za ka danna ba C ba, na 4 kod kuma. Wannan canjin daga C zuwa G shi ke hana kunne gajiya, in ka yi ta nanata C kaɗai abun sai ya zama kamar ana buga ƙusa. Haka ake yi a kiɗan maci da na polka, rawar da ta taso daga yankin Bohemiya, a ƙasar Cek ta yau, wajejen shekarun 1830. In kuwa bugu uku ne sai ya koma um-pa-pa, bes ɗaya kod biyu, wanda shi ne ƙashin bayan rawar waltz ta Biyana, irin wadda mawaƙin Ostiriya Johann Strauss ƙarami ya yi suna da ita.

Ni dai inda abun ya fi burge ni a Amurka ne. Baƙaƙen fata masu fiyano suka ɗauki wannan hannun hagu na kiɗan maci da ba ya kauce wa layi, suka bar shi yadda yake, sai suka saki hannun dama yana faɗowa a tsakanin bugu, inda ba ka zata ba. Shi ne ragtime. Scott Joplin ya fitar da Maple Leaf Rag a 1899 kuma kusan duk kiɗan a kan wannan jayayya ta hannu biyu ya tsaya, in hagun ya yi rawa ko kaɗan to komai ya watse don babu abin da daman zai yi wa gardama. Daga baya a unguwar Harlem ta New York, wajen shekarun 1920, su James P. Johnson da almajirinsa Fats Waller suka ƙara masa sauri da nisan tsalle, aka kira salon stride, hannu na cin zango mai tsawo a kan maɓallan nan 88 kuma ba a yarda ya yi kuskure ba.

Wasu suna raina um-pa wai kiɗan 'yan koyo ne. Su gwada mana. Wahalar tana cikin tsallen, don idonka ba zai iya bin hannu biyu a lokaci ɗaya ba, dole hagu ya haddace nisan da kansa. Shi ya sa malamai ke cewa a raba hannun, a yi hagu shi kaɗai a hankali har ya daina lalube. Kuma kuskuren da aka fi yi shi ne a dinga dukan pa ɗin da ƙarfi, alhali um ne ke da nauyi, pa gajere ne mara nauyi, taɓawa kawai a ɗaga. Feda ma haka, wato abin da ake takawa da ƙafa don sauti ya daɗe, in ka take ta ka manta sai bes da kod su cakuɗe, a waltz galibi ana takawa a bugun farko a saki kafin kod ya canza.

Masu kibod irin su Yamaha kuwa na'urar tana yi musu wannan da kanta, ka zaɓi salon polka ko maci ko waltz ka riƙe kod da yatsa, ita ta ci gaba da um-pa ɗin. Ba laifi in aiki ake sauri a situdiyo, amma ranar da aka zaunar da kai gaban fiyanon katako babu maɓallin da zai cece ka.