Yaya ake tsare elektron a cikin girafin?

Mene ne girafin, mene ne kuma ɗigon kwantam?

Girafin shimfiɗa ce ta kabon mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya tak, ƙwayoyin sun jeru tamkar saƙar zuma. Andre Geim da Konstantin Novoselov ne suka fara ware shi a Jami'ar Manchester ta Ingila a 2004, suka ci kyautar Nobel a 2010. Ɗigon kwantam kuwa ɗan fili ne ƙanƙane da ake killace elektron, wato ɗan ƙaramin ɓangaren ƙwayar zarra mai ɗauke da lantarki, a ciki, har kuzarinsa ya koma mataki-mataki.

Me ya hana a zagaye elektron da katangar lantarki, a huta?

Nan gizo ke saƙa. A cikin silikon wannan dabara tana aiki. A girafin kuwa elektron yana tafiya kamar ba shi da nauyi, da gudun kusan kilomita 1,000 a daƙiƙa. Idan ya tunkari katangar kai-tsaye sai ya ratsa ta gaba ɗaya, komai tsayinta. Ana kiran wannan ratsawar Klein, da sunan Oskar Klein wanda ya gano irin lissafin tun 1929. Sai wanda ya zo a karkace ne katangar ke iya maido da shi. Shi ma na ɗan lokaci ne: ya yi ta zagaya gefen ɗigon, daga bisani ya sulale.

To, me maganaɗisu yake ƙarawa?

Yana lanƙwasa hanyar elektron. Wanda da zai bugi katanga kai-tsaye yanzu a karkace yake isa gare ta, sai ya dawo ciki, zamansa ya tsawaita. In ƙarfin ya yi yawa, sai elektron ya shiga kewaya wuri guda, kuzarinsa ya jeru a wasu matakai da ake kira matakan Landau. Abin da ya fi burge ni shi ne tsarin matakan: a girafin ba su da tazara ɗaya, kuma sai an ninka maganaɗisu sau huɗu kafin kuzarinsu ya ninka biyu. Akwai ma mataki guda da ke zaune daram a kan sifiri.

An taɓa auna wannan?

Ƙwarai. A 2017 masu bincike a NIST, cibiyar ma'aunai ta Amurka, sun ga kuzarin elektron a ɗigo mai da'ira ya yi tsalle farat ɗaya, da maganaɗisun da bai kai tesla ɗaya ba (tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne).

Ina amfaninsa?

Ana fatan ajiye bayanan kwamfutar kwantam a jikin elektron ɗin da aka tsare. Kusan kashi 99 cikin 100 na kabon nau'in kabon-12 ne, wanda cibiyar ƙwayar zarrarsa ba ta da maganaɗisun da zai dagula bayanin. Masu wannan aiki sun fi karkata ga girafin mai shimfiɗa biyu, domin a cikinsa wutar lantarki tana iya toshe wa elektron hanyar ratsawa.