Zawo ya tsaya, amma kada a ajiye zink

Iyaye mata, akwai abin da nake yawan gani a wurin aiki wanda ke damuna ƙwarai. Uwa ta kawo yaro yana zawo, mu ba ta garin gishiri da sukari tare da ƙwayoyin zink. Bayan kwana uku zawo ya tsaya, sai ta cusa ragowar a cikin kwalla, wai sai wani karon. Bari in gaya muku abin da ke cikin hanjin yaron nan.

Cikin ƙaramin hanji ba sumul yake ba. Yana da 'yan tsiro-tsiro kamar gashin tawul, a tsakaninsu kuma akwai ramukan da ido ba ya gani. Can gindin ramukan wasu ƙwayoyin halitta suke zaune, ana kiran su ƙwayoyin Paneth, da sunan wani likita ɗan Ostiriya, Joseph Paneth, wanda ya yi bayaninsu a 1888. Sana'arsu gadi. Da sun ji motsin ƙwayoyin cuta sai su feso sinadaran da ke huda jikinsu. Ɗaya daga cikin sinadaran, laisozayim, akwai shi a hawaye da yawu da nonon uwa. Abin da suke gadi kuwa babba ne, domin a gefensu ake haifar sababbin ƙwayoyin da ke sake shimfiɗar hanji duk bayan kwana 3 zuwa 5.

Yawancin abin da muka sani game da su, ɓeraye ne suka koya mana. Ba na rumbu ba, na ɗakin bincike. A 1999 an gwada ɓerayen da ba su da sinadarin da ke wasa makaman masu gadin nan, aka ba su Salmonela, dangin ƙwayar da ke kawo taifod, sai suka fi 'yan uwansu saurin mutuwa. A 2003 kuma aka sa wa wasu ɓeraye irin makamin da ke hanjin mutum, suka jure cutar da ta kashe sauran. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan: jikkunan da ƙwayoyin Paneth ke tara makamansu cike suke da zink, kuma idan aka yi wa ɓera allurar maganin da ke damƙe zink, cikin 'yan sa'o'i masu gadin sai su mutu.

To, ɓera ba mutum ba ne. Jaririn ɓera sai ya kai wajen mako biyu kafin masu gadinsa su bayyana, ɗan Adam kuwa tun yana ciki yake fara samun nasa. Sai dai na bakwaini ba su gama ƙosawa ba, shi ya sa hanjinsa ke da rauni, shi ya sa kuma muke roƙo kada a zubar da dakashi, kada a ba jariri ruwa ko jiƙo kafin wata shida.

Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a haɗa zink da ruwan gishiri da sukari. Yana rage kwanakin zawo, yana kuma rage dawowarsa har wata biyu zuwa uku, in an shanye shi duka. A waccan shawarar ta 2004 an ce yaro daga wata shida, miligiram 20 kullum, kwana 10 zuwa 14. Wanda bai kai wata shida ba, rabi, wato miligiram 10. A narka ƙwayar a cokali da ɗan nono ko ruwa mai tsabta. Kafson kemis ba ya maye gurbinsa, kuma kada a ce ai na haƙori ne a zauna.

In kin ga jini a kashin yaro, ko idonsa ya faɗa, ko ya ƙi kama nono, ko yana amayar da duk abin da ya sha, goyo shi ki zo asibiti a ranar, ko da dare ne.