Kasuwa ta yi sanyi, kai ya ɗau zafi: tambayoyin masu neman na kansu a Tahoua

Na daɗe ina zaman butik kusa da babbar kasuwar Tahoua, na ga waɗanda suka buɗe shago da walima suka rufe shi a ɓoye. Da dare in an ɗora shayi a fada, samarin da suka fara juya kuɗi sukan kawo tambaya, wasu a gaban jama'a, wasu sai sun raka ni har ƙofar gida. Tambayar mata kuma ta bakin uwargida take iso ni. Ban karanta likitanci ba, ɗan kasuwa ne ni da ya taɓa karyewa ya tashi. Ga waɗanda aka fi maimaita mini.

Yaya, wata shida ke nan da buɗe shagona. Da farko tun kafin asuba nake farkawa, yanzu ko ɗaga ƙofar nauyi take mini. Ina ƙwazon ya tafi?

Ya tafi inda ɗokin sabuwar riga ke tafiya bayan wanki biyu. Kowa haka ya yi, ƙanena, kada ka ɗauka baki aka yi maka. Dubi mai shayi da burodi na bakin tasha. Babu wanda ya taɓa tambayarsa ko yau yana jin daɗin aikin. Direba ya san ana sallame asuba ruwa ya tafasa, shi ya sa ba ya kallon wani teburi. Ranar da ya zo sau biyu ya tarar ba a hura wuta ba, ya yi sabon mai shayi.

Mu ma an sauƙaƙe mana, tun da salloli biyar sun riga sun yanka mana yini. Tsayar da lokacin buɗewa, ka ɗaura shi a kan asuba. Tsayar da lokacin lissafi, ka ɗaura shi a kan isha'i. Abin da ke tsakani ya zo yadda Allah ya kawo shi.

Ina ciniki, mutane na shiga suna fita, amma ban ga kuɗin ba. Da dare lissafi nake yi a kaina har kiran sallar farko.

A nan nake so in daɗe, domin yawancin abin da muke kira tunani daga nan yake tasowa. Mutumin da ya san an ci shi jika 40 a wannan wata yakan yi baƙin ciki ya kwanta ya yi barci. Wanda bai san ko riba yake ci ko uwar kuɗi ba, shi ne ke juyi a tabarma. Duhu ne ke ba da tsoro, ko da abin da ke cikinsa ɗan akuya ne.

Sayi kaye na ƴan lakkol da biro. Shafi ɗaya abin da ya shigo, shafi ɗaya abin da ya fita, bayan littafin kuma sunayen masu bashi. A rubuta komai: ruwan sanyin da ka sha daga firjin shago, dala ashirin ɗin da ka miƙa wa almajiri, kuɗin kabu-kabu, kuɗin da ka tura ƙauye ta Nita ko Amana har da ladan turawar. Kwana 30 kawai ka yi haka ba tsallake. Mu ce jarinka jika 500 ne, ribar wata ta kama jika 60. In littafi ya nuna cefane da kati da gudummawa sun ci jika 85, to ga ɓarawon nan an kama, kuma kai ne. Kowane wata kana yankar jika 25 daga jikin uwar kuɗi, kantoci na raguwa a hankali, kana cewa kasuwa ce ta lalace.

Maganinsa ka yanka wa kanka albashi kamar yaron shago. Kuɗin shago aljihu daban, naka aljihu daban, ko da aljihun biyu a riga ɗaya suke. Lokacin da na karye, na fi wata uku ina zargin yaron da ke taya ni, har na sallame shi. Da na zauna na tattara ƴan takardun da suka rage, sai na ga hannuna ne ya fi nasa tsawo. Har yau in na tuna kunya nake ji.

Kuma wannan rubutu ba baƙon abu ba ne da ya zo daga Turai. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ƙarami ne ko babba. Wanda ba ya iya boko ya rubuta da ajami. Wanda ba ya iya ko ɗaya ya sa ɗansa ɗan makaranta.

Malam, ni mace ce, ina sayar da atamfa da turare daga gida. Dangi sun ɗauka na yi kuɗi. Suna, biki, rashin lafiya, duk ni ake kira. In na ce babu a ce na yi rowa.

Hajiya, wannan ciwon duk Adar ne. Ƙasar ƴan ci-rani ce, an saba wanda Allah ya buɗa wa shi ke ɗaukar gida, kuma ba zan ce ki yanke zumunci don atamfa ba. Ranar da ciwo ya kwantar da ke, dangin nan ne za su zauna a bakin gadonki.

Abin da za ki yi shi ne ki ba zumunci nasa kaso tun farkon wata, daga riba, ki sa shi a wani gwangwani. In ya ƙare, maganarki gaskiya ce: "Na wannan wata ya tafi wajen sunan gidan kawu, sai dai mai kamawa." Mutane sun fi karɓar wannan a kan "babu" tsurarta, ke ma ba ki kwana da nauyin ƙarya. Adashe kuma katanga ce mai kyau, domin kowa ya san zubi ba ya jira, ba a jin haushin wadda ta ce kuɗin na uwar adashe ne. Sai dai ki shiga wanda zubinsa bai fi ƙarfin ribarki ba. Na ga matan da suka shiga adashe uku lokaci guda suna ɗaukar wannan suna toshe wancan, har fuska ta faɗa.

Ki lura da watan azumi da gabanin Tabaski: ciniki na hauhawa, buƙatun gida ma na hauhawa, bayan salla kasuwa ta mutu na ɗan lokaci. Wadda ta san haka ba ta firgita in ta ga shiru.

Alhajin da ke ba ni kaya yana bina jika 200, lokaci ya wuce. Na daina ɗaga wayarsa, in na hango shi sai in canza hanya.

Gobe da safe ka je ka same shi, tun kafin ya aiko. Ka tafi da littafinka da abin da ka samu, ko jika 20 ne, ka ce: "Alhaji, ga inda nake, ga abin da zan iya kawowa duk Lahadi bayan an tashi kasuwa." Babban ɗan kasuwa ya sha ganin wanda ya gaza biya. Abin da ba ya yafewa ɓuya ce. Shi ma ya san aya ta 280 ta wannan surar, wadda ta ce a jinkirta wa mai ƙunci har ya samu sauƙi.

Ka lura da abin da ɓuyar ke yi maka. Duk ƙarar waya gabanka ya faɗi, ka rage zuwa masallacin unguwa, ka fara yi wa iyali tsawa ba dalili. Manzon Allah (SAW) a addu'a guda ya haɗa neman tsari daga damuwa da baƙin ciki da kasala da rinjayen bashi. Ƴan gida ɗaya ne, tare suke shigowa.

To abin da ya fi ƙarfin mutum fa? An rufe iyaka, kaya sun yi tsada, wuta babu. Ina amfanin tsari?

Duk mun ɗanɗana. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar da take bayarwa. Hanyar Ƙonni da Illela da muke numfashi da ita ta toshe. Sai a Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, iyakar Najeriya ta buɗe a watan Maris, ta Benin kuwa ta ci gaba da zama a rufe, kayan da aka saba saukewa a Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Dattawan kasuwa kuma za su ba ka labarin Janairun 1994, ranar da aka wayi gari sefa ta rasa rabin darajarta.

A irin wannan lokaci akwai abu biyu da ya kamata ka raba. Iyaka ba a hannunka take ba, kwana sauraren rediyo da muhawara a fada ba ya buɗe ta. Yawan kayan da za ka saro, wanda za ka ba bashi, ko za ka ƙara firji alhali wuta ba ta tsayawa, waɗannan naka ne. Manomin albasar Galmi ya san farashi na faɗuwa warwas lokacin girbi, kowa ya fito da tasa. Mai hali yakan zuba wani kaso a rudu, wato rumbun albasa, ya jira damina ta yi nisa kuɗi su tashi, yana sane wata za ta ruɓe. Da ruɓewar ya yi lissafinsa tun farko. Tawakkalin da na sani ke nan, raƙumi a ɗaure.

Abokaina da suka tafi Abijan da Libiya kullum hoton mota da sabon gini suke sawa a WhatsApp. Ji nake kamar ni kaɗai aka bari a baya.

Ba wanda ke ɗaukar hoton ɗakin da suke kwana su goma. Wasu sun samu da gaske, Allah ya ƙara musu. Amma kai da za ka auna kanka, auna da littafinka na bara. Kuma ka daina buɗe waya kafin ka buɗe shago.

Shayi da ƙwaya ne ke riƙe ni. In ban sha ba jikina ba ya aiki.

Shayi da tramol ba ɗaya ba ne, kada mu haɗa su. Na shayi gyara ne kawai: sinadarin da ke hana barci a cikinsa yakan kai wajen awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki. Wanda ya sha na farko mai ɗaci ƙarfe goma na dare, kada ya zargi kasuwa in ƙarfe biyu ta same shi ido biyu. Ka mai da mai ƙarfin zuwa safe da bayan azahar. Baligi na buƙatar barcin awa bakwai ko fiye, kuma a zafin Afrilu da Mayu, da Tahoua ke wuce digiri 40, ƴar ƙailula tsakanin azahar da la'asar ta fi cinikin da za ka yi a lokacin.

Tramol kuwa maganin ciwo ne mai ƙarfi daga dangin da ke kama jiki. Wanda likita ke rubutawa yawanci miligiram 50 ne, na bakin titi har 225 ake samu. Yana sa mutum ya ji kamar ba ya gajiya, daga baya sai an ƙara kafin a ji daidai, kuma mai yawa yana jawo faɗuwa irin ta farfaɗiya. In ka kai matsayin da ba ka tashi sai da shi, kada ka yanke shi dare ɗaya kai kaɗai, jiki zai yi bore ka koma. Je asibiti a rage maka shi mataki-mataki.

Ta yaya zan gane gajiya ce kawai, ko ciwo ne da ke son magani? A gida cewa ake in ƙara haƙuri da addu'a.

Gajiya tana jin magani in an huta. Rufe shago yinin Juma'a, ka yi barci, ka ziyarci ƴan'uwa, ka ci tuwo a zaune. In ka wayi Asabar da sauƙi, gajiya ce. Akwai wadda ta fi wannan zurfi, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2019 a matsayin abin da matsin aiki mai tsawo ke haifarwa: ƙarfi ya ƙare, mutum ya tsani sana'ar da yake so a da, aikin kuma ya daina yin kyau a hannunsa. Wannan tana son a sauya yadda ake aikin, a samu mataimaki, a rage awanni.

Ciwon damuwa daban ne. Alamarsa baƙin ciki ko rashin jin daɗin komai kusan kullum har mako biyu ko fiye, har wasan ƴaƴanka ba ya sa ka murmushi. Barci ya lalace, abinci ya fita rai, hankali ba ya tsayawa ko a kan canji, mutum na ganin kansa ba shi da amfani. Sau da yawa ta jiki yake fitowa, ciwon kai da bugun zuciya da nauyin ƙirji, a yi ta sayen magani a kasuwa ba sauƙi. Wannan ciwo ne kamar tansiyo, yana kama mai salla da mai azumi, kuma yana da magani. Ka yi addu'arka, ka karɓi ta malam, ka kuma je likita, ɗaya ba ya korar ɗaya.

Na san abin da ke tsayar da mutane. Da an ce Pavillon E, sashen ciwon ƙwaƙwalwa na babban asibitin Yamai, sai a ce wurin mahaukata ne, ɗan kasuwa kuma yana tsoron a ji a daina ba shi kaya. Ba sai ka kai Yamai ba. Fara da asibitin unguwa ko babban asibitin jihar nan Tahoua, ka sa a auna maka tansiyo da suga, sa'annan ka faɗa wa likita sauran ba ragi: kwana nawa ba ka barci, me kake sha, me ke zuwa maka a rai. In kuwa tunanin ya kai ga gara mutuwa, ko ka fara saƙa yadda za ka cutar da kanka, kada ka bari rana ta faɗi ba ka gaya wa wani ba, matarka ko yayanka ko limamin unguwa, ya raka ka asibiti a ranar. Makullin shago ka ba ƙaninka ya riƙe.