Hausawan zango a Ghana ba baƙin jiya ba ne

An daɗe ana cewa Hausawan zango a Ghana baƙin haure ne da talauci ya koro. Tarihi bai nuna haka ba. Tun kafin Turawa su shata iyakoki, fatake daga Kano da Katsina ke bin hanyar Gwanja sayen goro, wasu suka zauna a garin Salaga, a arewacin Ghana ta yau, suka hayayyafa. Ghana kuwa sai 1957 ta samu 'yanci. Abin da ya ƙarfafa zaton shi ne korar baƙi da gwamnatin Ghana ta yi a 1969, wadda ta fi faɗa wa talakawa marasa takardu, har da haifaffun ƙasar. Mai son tabbatarwa ya tambayi dattawan zango salsalarsu, ya duba tsofaffin rubuce-rubucen malamansu. Don Allah a tura wa wasu su karanta.