Waiwaye: Yadda maganaɗisun duwatsun Laberiya ya fallasa lokacin tsagewar nahiyoyi

Idan ƙasa ta tsage, narkakken dutse yakan taso daga ciki ya cike tsagar, ya daskare a tsaye kamar katanga. Masana na kiran irin wannan katanga da sunan daik. A cikinta akwai ƙwayoyin ƙarfe masu maganaɗisu, waɗanda da zarar zafi ya sauka ƙasa da digiri 580 sai su fuskanci inda arewa take a wannan zamani, su ƙame a haka. Tun da nahiyoyi na tafiya, alƙiblar da dutse ya riƙe takan nuna zamanin da ya huce.

Asalin maganar daga Faransa take. A 1906 Bernard Brunhes ya auna wani daskararren aman wuta tare da yumɓun da ya gasa a ƙarƙashinsa, ya tarar dukansu sun juya wa arewa baya. Wannan gasasshen yumɓu ya zama babbar hujja daga baya: idan katanga da gefen da ta ƙona sun fuskanci wuri ɗaya, dutsen da ke nesa kuwa ya fuskanci wani wurin, to maganaɗisun na ranar da narkakken dutsen ya kutsa cikin tsagar ne. A 1956 Keith Runcorn da Ted Irving suka nuna cewa alƙiblar tsofaffin duwatsun nahiyoyi ba ta jituwa sai an yarda nahiyoyin sun gusa.

Inda aikin ya fi burge ni shi ne Laberiya. Akwai jerin katangu a can da suka miƙe daura da gaɓar teku. A 1975 Brent Dalrymple da abokan aikinsa biyu suka wallafa awon shekarunsu ta hanyar iskar agon da sinadarin fotasiyam ke haifarwa a hankali cikin dutse. Sakamakon ya rikice. Katangun da suka ratsa duwatsun yashi na bakin teku sun nuna shekara miliyan 173 zuwa 192, waɗanda suka ratsa tsohon dutsen cikin ƙasa kuwa wasu sun haura biliyan ɗaya. Da suka juya ga maganaɗisu, sai ga katangun duk sun fuskanci wuri guda, alamar cewa tsaran juna ne. Ashe narkakken dutsen ya kwaso tsohuwar iskar agon daga duwatsun da ya keta, shi ya sa ya yi kama da tsoho. A ganina wannan ne amfanin maganaɗisu da ba a cika faɗa ba: ba ya ba ka adadin shekaru shi kaɗai, amma yana kama ma'aunin da ya kauce.

Kafin nan, a 1971, Paul May ya lura cewa idan aka mayar da Afirka da Amurka ta Arewa da ta Kudu wuri ɗaya a taswira, katangun gaɓoɓinsu sukan bazu daga cibiya guda kamar hasken rana. Awon zamani da ake yi da yuraniyam ya tsayar da akasarin wannan kutse a wajen shekara miliyan 201, gab da tsagewar babbar nahiyar Panjiya da ta buɗe tsakiyar tekun Atilantika. 'Yan'uwan katangun Laberiya na nan a Gini da Mali da Maroko, wasu kuma a tsallaken teku, a Brazil da gabashin Amurka.