Daidaiton sinadarai da dokar Guldberg da Waage

Daidaiton sinadarai shi ne halin da haɗuwar sinadarai ke kaiwa idan saurin tafiyarta gaba ya zo daidai da saurin komawarta baya. A ido kamar komai ya tsaya, amma aiki bai tsaya ba. Kamar ƙofar babbar kasuwar Maradi ce da hantsi: idan masu shiga sun yi daidai da masu fita, cunkoson ciki ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa, alhali ƙafa ba ta daina motsi ba.

Kanwa ce ta fara buɗe wa masana ido, irin wadda mata ke jefawa a tukunyar wake don ya yi saurin nuna. Bafaranshe Claude Berthollet ya bi Napoleon zuwa Masar a 1798. A bakin tafkunan kanwa na can ya tarar gishiri da dutsen alli suna haifar da kanwa, akasin abin da aka saba gani a ɗakin gwaji. Ya gane yawan gishirin ne ya juya akalar haɗuwar, ya kuma rubuta haka a 1803.

A 1864 wasu masana biyu na ƙasar Norwe, Cato Guldberg da Peter Waage, suka mayar da batun lissafi. A ce sinadarai A da B suna haɗuwa su ba da C da D, ƙananan haruffa a, b, c, d kuma adadin ƙwayoyin kowanne ne. Idan aA + bB ⇌ cC + dD ta kai daidaito, to

K = [C]^c[D]^d / [A]^a[B]^b

Baka mai kusurwa na nufin yawan sinadarin a lita guda, K kuwa lamba ce tsayayya ta wannan haɗuwa. Ko an ƙara A, ko an kwashe C, tsarin zai gyara kansa har lissafin ya koma kan K. Zafi ne ke canza K. Sinadarin da ke gaggauta haɗuwa ba ya taɓa ta, hanya kawai yake gajartawa, kuma a nan ɗalibai da yawa ke tuntuɓe. Henri Le Chatelier ya bayyana wannan gyaran kai a 1884.

Manomin gero ma yana cin moriyar wannan doka. Takin zamani na yuriya daga amoniya (NH₃) ake yin sa, amoniya kuwa daga haɗuwar iskar naitirojin (N₂) da ta haidirojin (H₂) ake samu: N₂ + 3H₂ ⇌ 2NH₃. Ƙwayoyin iska huɗu ke komawa biyu, don haka matsi mai ƙarfi yana tura haɗuwar gaba. Zafi kuwa baya yake mayar da ita, amma in babu shi aiki sai ya yi nawa. Shi ya sa masana'antu masu bin hanyar Jamusawan masana Haber da Bosch ta yin amoniya, tun 1913, suke tsayawa wajen digiri 400 zuwa 500, suna kwashe amoniya tana fitowa.