Kafin a Shiga Ɗakin Hoto: Abin da Eksire, CT, MRI da Eko Suke Gani

Majinyata da yawa suna ɗauka cewa na'urar da ta fi girma ita ce za ta fi gano ciwo. Ba haka abin yake ba. Kowace na'urar hoto da irin tambayar da take amsawa, kuma likita yana zaɓa ne gwargwadon abin da yake zato da kuma gaggawar ciwon.

Mu fara da ƙashi. Eksire, wanda Wilhelm Röntgen ya gano a Jamus a 1895, har gobe shi ne matakin farko idan ana zaton karaya ko gocewar gaɓa. Ƙashi yana tare hasken, shi ya sa yake fitowa fari. Amma guringuntsi, da igiyoyin da ke riƙe gwiwa, da faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya, duk ba sa fitowa. Waɗannan aikin MRI ne, na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu. Ko karayar ma akwai wadda ke ɓuya. Wanda ya faɗi ya dafa ƙasa da tafin hannu yana iya tsaga wani ƙaramin ƙashi a wuyan hannu, ta gindin babban yatsa, hoton farko ya fito kamar lafiya lau. Idan wurin yana zafi in an danna, ana ɗaure hannun, a sake hoto bayan kwana 10 zuwa 14 ko a yi MRI. Jinin da ke isa wannan ƙashi kaɗan ne, in aka bar shi a matsayin targaɗe yana iya ƙin haɗewa, wani ɓangarensa ma ya mutu.

Ciwon baya kuwa akasin haka ne. Yawancinsa yana lafawa cikin 'yan makonni ba tare da hoto ba, kuma dimbin mutanen da ba su taɓa kukan baya ba, in aka saka su a MRI za a ga faifai ya ɗan bulluƙo. Hoton da aka yi babu dalili sai ya jawo fargaba, wani lokaci har da tiyatar da ba a bukata. Abin da ke sa a gaggauta shi ne kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko kasa yin fitsarin, mutuwar fata a tsakanin cinyoyi, raunin ƙafa da ke ƙaruwa, zazzaɓi, ramewa, ko tarihin ciwon daji.

A ƙwaƙwalwa ne lokaci ya fi tsada. Idan baki ya karkace, hannu ko ƙafa ya saki, magana ta sarƙe, abu biyu ne kan jawo shi: gudan jini ya toshe jijiya, wanda shi ne ya fi yawa, ko jijiya ta fashe. Daga waje alamunsu ɗaya, maganinsu kuwa hannun riga, domin allurar da ke narkar da gudan jini tana iya kashe wanda jini ke zuba a cikin kansa. Shi ya sa ake fara yin CT, hoton da ke amfani da hasken eksire ya nuna cikin jiki yanki-yanki: cikin 'yan mintuna an gama, sabon jini kuma yana fitowa fari fat. Allurar tana da wa'adi, awa huɗu da rabi daga lokacin da aka ga mutum lafiya na ƙarshe, don haka ku riƙe wannan lokaci a ka, za a tambaye ku. Kada a ba shi asfirin, ko abinci, ko ruwa kafin a duba shi. A sani kuma, CT yana iya fitowa babu komai a awannin farko na toshewar jijiya. Wannan bai kore ciwon ba. Akwai salon MRI da ke nuna wurin tun da wuri. Farfaɗiya, ƙari da ciwon laka ma MRI ya fi bayyana su.

Zuciya da yake ba ta tsayawa, hotonta na motsi ne. Eko yana aiki da sauti, babu allura, babu haske mai ratsa jiki. Yana nuna ƙofofin zuciya, ko sun ƙuntata ko suna yoyo, da ruwan da ya taru a kewayenta, da yawan jinin da take turawa a kowane bugu. Lafiyayyar zuciya tana fitar da kusan kashi 55 zuwa 70 cikin 100 na jinin da ke babban ɗakinta na hagu. Ƙasa da 40 alamar rauni ce. Jijiyoyin da ke ciyar da zuciyar kanta kuwa, CT ake yi musu tare da ruwan rini, wanda ake sakawa ta allura don jijiyoyin su fito sarai a hoto. Ana son bugun ya sauko wajen 60 a minti, shi ya sa ake hana kayan sha masu kafeyin kafin gwajin, a ba da ƙwayar rage bugu, a ce a riƙe numfashi na kimanin daƙiƙa 10. Ana kuma sa wani magani a ƙarƙashin harshe don buɗe jijiyoyin. Duk wanda ya sha maganin ƙarin ƙarfin maza irin su sildenafil a kwana ɗaya ko biyu da suka wuce, ya faɗa ba kunya, domin haɗuwar magungunan biyu tana iya sa awon jini ya faɗi ƙasa warwas.

Ruwan rinin CT na aidin ne. Jin ɗumi a jiki, ɗanɗanon ƙarfe a baki, da jin kamar an saki fitsari, duk ba komai ba ne, suna wucewa cikin minti ɗaya ko biyu. Ƙaiƙayi, kumburin fuska ko sarƙewar numfashi kuwa a faɗa nan take. Mai ciwon ƙoda a gwada jininsa tukuna, kuma mai ciwon suga da ke shan metformin, in ƙodarsa tana da rauni, akan dakatar da maganin na awa 48 bayan hoton.

MRI ba ya amfani da hasken eksire. Haɗarinsa maganaɗisu ne, mai ƙarfin Tesla (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu) 1.5 ko 3, wato kimanin ninki dubu talatin zuwa dubu sittin na maganaɗisun duniya, kuma a kunne yake dare da rana ko ba a ɗaukar hoto. Almakashi ko tukunyar iskar numfashi ta ƙarfe na iya tashi sama kamar kibiya. Abin da ya fi damun mu shi ne ƙarfen da ke cikin jiki: na'urar daidaita bugun zuciya, na'urar ji da aka dasa a kunne, maƙalin jijiyar ƙwaƙwalwa, harsashi, da ɓarɓashin ƙarfe a idon mai walda ko maƙeri, wanda in ya motsa yana iya makantarwa. Yawancin ƙarafan ɗorin ƙashi na zamani ba sa hanawa, amma ma'aikacin hoto ne zai yanke hukunci, ba majinyaci ba. A cire fil na gashi, waya, katin banki da filastar magani, a wanke kwalliyar ido in hoton kai za a yi. Aikin yana ɗaukar minti 20 zuwa 45, da ƙara mai yawa, don haka ana toshe kunne. Motsi kaɗan yana dagula hoton, a koma baya. Mai tsoron ƙuntataccen wuri ya faɗa tun ranar da aka ba shi lokaci.

Game da hasken eksire, wanda ake auna yawan da ya shiga jiki da milisibat, hoton ƙirji ɗaya kusan milisibat 0.1 ne, CT na kai kusan 2, alhali ɗan Adam yana samun kimanin 2.4 a shekara daga ƙasa da sararin sama. Ba abin da zai sa a ƙi hoton da ake bukata ba ne, amma yana taruwa, yara kuma sun fi jin illarsa. Mai ciki, ko wadda al'adarta ta yi jinkiri, ta faɗa kafin ta kwanta a kan na'urar.

Ku adana tsofaffin hotunanku da rahotanninsu, ku zo da su duk ranar da za a yi sabo. Tabon da ya shekara uku bai canja girma ba, da wanda bai kai wata shida da fitowa ba, kamanninsu na iya zama ɗaya a hoton yau, sai an jera su da na baya ake rarrabewa.